Laka Kafin Tsoka: Tarihin Yadda Ƙarfi Ke Shiga Jikin Mutum

Ga rubutaccen shirinmu na wanga mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba.

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin wani abu da ke cikin jikin kowa. Ku zagaya Mabera, Arkilla, Gidan Igwai ko Runjin Sambo da yamma, za ku ga samari suna ɗaga ƙarfe, wasu a gidan motsa jiki na kuɗi, wasu da siminti da aka zuba a gwangwanin fenti. Yaro zai fara, cikin sati uku abin da yake ɗagawa ya ƙaru sosai, amma in ya tsaya gaban madubi damtsensa na nan yadda yake. Sai ka ji ya ce, "Wallahi ni ban ga komi ba." Daga nan hanya ta rabu biyu: ko ya watsar, ko wani aboki ya nuna masa ƙwaya da allura. To ƙarfin da ya ƙaru, in ba a tsoka yake ba, ina ya shiga? Haka kuma ɗan dakon da muke gani a Babbar Kasuwa, siriri kamar kara, ya saɓi buhun da wani ƙato ba zai iya motsawa ba, ina yake ɓoye nasa?

Bari mu fara da harshenmu, don amsar na ciki. In mutum ya yi laushi, ya kasa taɓuka komi, mukan ce ba shi da laka. Mece ce laka? Ku tambayi Barunde. Ita ce farar igiyar nan mai taushi da ke cikin ƙashin baya, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangaro. Ku lura, ba mu ce ba shi da tsoka ba. Kakanninmu a laka suka ajiye ƙarfi.

Sai dai akwai kalmar da ke rikita mu, ita ce jijiya, don abu uku muke kira da ita. Akwai jijiyar jini. Akwai agara, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Akwai kuma farin zaren da ke fita daga laka yana kai umarni ga tsoka. Wannan na ukun shi zan riƙa kira jijiyar saƙo har ƙarshen shirin.

Su Rundawan da suka fi kowa sanin laka da agara, su ne kuma 'yan damben asali. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton, kafin ya iso Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris, ya yada zango a Kano, ya kalli dambe, ya kuma rubuta abin da ya gani: mahauta ne suka zo da makaɗansu, ɗan dambe ya shiga fili ya nuna ƙwanji ya yi kirari, sannan aka naɗe masa hannu. Ku riƙe kiɗan nan da kirarin, za mu dawo kansu.

Yanzu mu leƙa waje. Tsohon labarin da masu ɗaga ƙarfe suka fi so shi ne na Milo, ɗan kokawar Girka daga garin Kroton da ke kudancin Italiya ta yau. Ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma sau 6 yana lashe kokawa a wasannin Olamfik na wancan zamani. Ana ba da labari cewa kullum sai ya saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma yana ci gaba da ɗauka, har ya zama bijimi. Almara ce, amma darasinta gaskiya ne: kaya ana ƙara shi ne kaɗan-kaɗan. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Wanda ya fara nuna wa jama'a ƙiri-ƙiri cewa tsoka ba ta motsi da kanta shi ne likitan da malamanmu suka sani da Jalinusu. An haife shi a shekara ta 129 a Fargamon, cikin Turkiyya ta yau, kuma ya yi shekaru yana ɗinke raunukan mayaƙan da ake haɗawa faɗa a fili don 'yan kallo. A birnin Rum ya riƙa yin wani gwaji a bainar jama'a: a ɗaure alade yana ihu, shi kuma ya yanke wata siririyar jijiyar saƙo a wuyansa. Nan take ihu ya ɗauke, alhali dabbar na nan da rai tana shure-shure. Tsokar maƙogwaro lafiyarta lau, umarni ne ya daina isowa. Ibn Sina, a littafinsa Al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya bi wannan fahimta cewa motsi daga ƙwaƙwalwa yake saukowa ta jijiya, ya kuma sa kokawa cikin nau'o'in motsa jiki masu kiyaye lafiya.

Abin da ke gudana cikin jijiyar shi ne ya daɗe a duhu. Sai a 1791 Luigi Galvani na birnin Bolonya ya wallafa gwajinsa na ƙafar kwaɗo: ya taɓa jijiyar mataccen kwaɗo da lantarki, ƙafa ta harba. Ashe saƙon ɗan ƙaramin lantarki ne.

Daga nan labarin ya fara daɗi. A 1894, a Jami'ar Yale ta Amurka, wani malami Edward Scripture da wasu mata biyu abokan aikinsa suka yi wani ɗan gwaji. Ɗaya daga cikin matan ta riƙa matsa ƙwallon roba da aka haɗa da ma'auni, da hannu ɗaya kawai, kwana da kwanaki. Hannun ya ƙara ƙarfi, wannan ba abin mamaki ba ne. Da aka auna ɗaya hannun, wanda bai yi aikin komi ba, shi ma ya ƙaru. Kai jama'a! Tsokar da ba ta yi aiki ba ai ba za ta girma ba. Wani abu ne can sama ya koyi darasi, ya raba wa hannu biyu. An maimaita wanga gwaji sau da dama tun daga lokacin, kuma in aka haɗa sakamakon, gaɓar da ba a horar ba takan ƙaru da kimanin kashi 8 zuwa 12 cikin 100.

Wanda ya zana mana tsarin shi ne Charles Sherrington na Ingila. A 1925 shi da abokin aikinsa suka ba da suna ga abin da zan kira "gida": ƙwayar jijiya guda ɗaya a cikin laka, da dukan zaruruwan tsokar da take ba umarni. A tsokar da ke juya ido, gida ɗaya zaruruwa ne 'yan kaɗan, wajen 10. A sha-raɓa kuwa gida ɗaya kan haura zare 1,000. A 1929 Edgar Adrian da Detlev Bronk suka soka siririyar allura cikin tsoka suka saurari saƙon da kansa, suka ga hanya biyu jiki ke bi in yana son ƙara ƙarfi: ya kira ƙarin gidaje, ko ya ƙara saurin saƙon da yake aika musu. Sherrington da Adrian sun raba kyautar Nobel a 1932. Sannan Elwood Henneman na Jami'ar Harvard, a ayyukansa na 1957 da 1965, ya nuna cewa kiran yana da tsari: ƙananan gidaje ke fara fitowa, manya masu ƙarfi ba su fita sai aiki ya yi nauyi.

In wannan ya yi muku nisa, ku ɗauko gayya. Tsokarka mutanen gari ne, ƙwaƙwalwa da laka su ne mai gayya da makaɗinsa. Wanda bai saba aiki ba, in ya kira gayya, manyan gidaje na jan ƙafa, waɗanda suka fito kowa na sara lokacin da ya ga dama, kiɗa na tafiyar hawainiya. Har ma akwai masu ja baya, domin kowace gaɓa tana da tsokar lanƙwasawa da ta miƙewa, kuma a jikin sabon shiga sukan ɗaure tare, kamar mai tuƙi da ƙafa ɗaya kan totur ɗaya kan birki. In aka yi makonni ana kiran gayyar nan, sai manyan gidaje su fara fitowa da wuri, kiɗa ya yi zafi, fartanya ta riƙa sauka tare, masu ja baya su saki. Mutanen garin ba su ƙaru ko da mutum ɗaya ba, amma gonar da ake nomewa ta ƙaru. Wannan shi ne abin da ke faruwa da yaron nan na gaban madubi.

Likitoci sun daɗe suna kallon ɗaga ƙarfe a matsayin wasan ƙarti. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya haka. Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka wanda shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne, ya ga asibitinsu a Chicago ya cika da sojojin da aka yi wa aiki a gwiwa, suna wata da watanni ba su miƙe ba. Ya sa su ɗaga nauyi ana ƙarawa a hankali, suka warware da sauri, ya wallafa a 1945. A 1948 shi da Arthur Watkins suka fito da tsarin zagaye 3, kowane sau 10. Wannan "uku-goma" da ake yi a kowane lungun Sakkwato yau, daga gadon asibiti ya fito.

To mu koma kan kiɗa da kirari. A 1961 Michio Ikai ɗan Japan da Arthur Steinhaus ɗan Amurka suka sa mutane su ja ma'auni da iyakar ƙarfin hannunsu. Wani lokaci sai a harba bindiga a bayansu ba zato, daƙiƙu kaɗan kafin su ja: ƙarfi ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Da aka ce mutum ya kurma ihu da kansa yana ja, ya ƙaru da kusan kashi 12. Suka yanke cewa abin da muke kira iyakar ƙarfinmu, sau da yawa birki ne da ƙwaƙwalwa ta taka don kare jiki, kuma ana iya sassauta shi.

Yanzu ku tuna fagen dambe. Kalangu na tashi, ana kiran sunan uban mutum da garinsu, shi ma yana kirari jikinsa na tsuma. Waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi wa Shago har gobe in aka sa su, tsoho na zaune sai ka ga ya gyara zama. Makaɗin bai san sunan Ikai ba, amma aikinsa ke nan: sassauta birki. Shekara 137 ne tsakanin damben da Clapperton ya kalla da ranar da aka auna abin a ɗakin gwaji.

Tambayar madubi kuwa a 1979 aka amsa ta kai tsaye. Toshio Moritani da Herbert deVries, a jihar Kalifoniya, suka horar da mutane sati 8 kan lanƙwasa hannu da nauyi, suna auna ƙarfi, da kaurin damtse, da lantarkin da ke isa tsoka. Suka ga a makonnin farko mafi yawan ƙarin ƙarfin daga jijiya yake. Sai bayan sati 3 zuwa 5 girman tsoka ya fara karɓar ragama. Ma'aunai na zamani sun nuna tsoka kan fara ɗan kauri da wuri, amma kafin ido ya gani ana ɗaukar watanni.

Gwaji biyu da suka biyo baya su suka fi burge ni. A 1990 Maria Fiatarone ta shiga gidan kula da tsofaffi a Boston, ta ɗauki mutum 10 masu shekara wajen 90, wasu da sanda suke tafiya. Sati 8 suna ɗaga nauyi da ƙafa. A cikin 9 da suka kammala, ƙarfi ya ƙaru da kashi 174 cikin 100, kaurin tsokar cinya kuwa kashi 9 kacal. Ku dubi tazarar 174 da 9. Na biyu, a 1992 Guang Yue da Kelly Cole na Jami'ar Iowa suka raba mutane: wasu suna motsa ɗan ƙaramin yatsa da iyakar ƙarfi, wasu suna zaune suna raya hakan a zuci kawai ba tare da motsi ba. Bayan sati 4 masu yi da gaske sun ƙaru da kashi 30, masu rayawa a zuci da kashi 22. Kar wani ya ce na ce a kwanta a yi ƙwanji da tunani, ƙaramin yatsa daban, buhun gero daban. Abin da gwajin ya nuna shi ne umarnin kansa ana horar da shi.

Bincike bai tsaya ba. A 2019 Alessandro Del Vecchio da abokan aikinsa suka bi sawun gidaje ɗaya bayan ɗaya a tsokar ƙwauri, kafin horo da bayan sati 4, suka ga suna fitowa da wuri kuma saƙonsu ya ƙara sauri, wato dai abin da muka faɗa a gayya. A 2020 Isabel Glover da Stuart Baker na Jami'ar Newcastle suka koya wa birai biyu jan nauyi da hannu, suka ga wata tsohuwar hanyar saƙo da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa zuwa laka ita ce ta ƙara ƙarfi.

Akwai wani abu kuma: jijiya abin da aka koya mata shi ta iya. Manomi gwani ne a kan kunya, ɗan dako ya san inda zai sa ƙugu da lokacin da zai ja numfashi kafin buhu ya bar ƙasa, mai ɗaga ƙarfe gwani ne a kan bencinsa. Ka musanya musu aiki, kowa zai ji a jikinsa. Shi ya sa maƙwabtanmu na Nijar, da muke shiga ta Illela, suka zama makaranta a wanga fanni. Tun 1975 suka mai da kokawa gasar ƙasa, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yanzu jihohi 8 ke kawo 'yan kokawa goma-goma, kuma ba a raba su da nauyi. Duk mai kallon gasar ya sha ganin ƙato ya sha ƙasa a hannun wanda bai kai shi jiki ba. Sunan Isaka Isaka na Doso ya zagaye ƙasar Hausa saboda yawan takubban da ya ɗauka. 'Yan kallo za su yi ta maganar laya da guru, ni kuwa abin da nake gani shi ne dubban kamu da aka maimaita tun ƙuruciya, a dandali bayan kaka, har jiki ya riƙa amsawa kafin tunani ya iso.

To ga inda abin ya shafe mu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramadol da kodin. Da yawa ba don maye suka fara ba, don ƙarfin aiki ne: a gona, a wajen gini, a kan babur, a gidan ƙarfe. Tiramadol ba ta ƙara zare ko ɗaya a tsoka. Saƙon ciwo take toshewa, wato ƙararrawar da ke gaya maka ka tsaya. Tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kamu mai wuyar saki. Hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Allurar ƙara tsoka kuma tana kumbura nama, amma tana taɓa zuciya da hanta da haihuwa. Abin takaicin shi ne, laka da jijiyar da ke ba ka ƙarfin farko kyauta, su ma ƙwayar tana taɓa su.

Saboda haka ga abin da nake so mu ɗauka. Ƙanena da ka fara ɗaga ƙarfe, wata biyun farko ka bar madubi, ka nemi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga. In lamba na hawa, aiki na ci. Ka koyi motsin daidai tun nauyi na da sauƙi, domin jijiya ba ta tace darasi, karkatacce ma haddace shi take yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka kuma sani agara ta fi jijiya da tsoka jinkirin ƙwari, takan ɗauki watanni. Lokacin da ka ji kamar za ka ɗaga mota, ka yi hattara da jin rauni a kafaɗa da baya. Ka ƙara kaya irin na Milo. Ka yi barci isasshe, don a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙulle abin da jiki ya koya da rana.

Iyayenmu kuma, Baba da Inna da ke fama da tashi daga tabarma, ku tuna tsofaffin Boston. Tashi da zama daga kujera sau da yawa a rana, da wani a kusa yana lura, horo ne na gaske, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita. Wanda ya karye aka yi masa ɗori, ya tambayi likitan gashin ƙashi ko zai iya horar da gaɓar da ke lafiya, don gwajin 1894 yana da amfani har yau. Masu gidajen motsa jiki, ku ne malaman yaran nan. Minti biyar na wanga bayani ranar da yaro ya fara zuwa zai iya raba shi da mai sayar da ƙwaya.

Daga aladen Jalinusu zuwa biran Newcastle an haura shekara 1,800 ana bin diddigin abu guda, kuma inda aka ƙare bai yi nisa da inda Bahaushe ya nuna da yatsa ba: laka. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A nan za mu dakata. Ku gaya mana a ƙasa: a unguwarku, sati nawa sabbin masu ɗaga ƙarfe kan yi kafin su watsar? Wa kuma kuka sani siriri mai ƙarfin ban mamaki, wace sana'a yake yi? Ku tura wa ƙannenku wanga rubutu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.